Tsohuwar mota mai ƙofa biyu a zamanin tsadar mai: sha'awa ce ko ɓarnar kuɗi?

Mai Jar Marsandi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da 'yan gidanmu suka sa ni gaba da ita, na ce bari in kawo ta nan, tunda nan ne ake da masu ciwo irin nawa. Motata Mercedes 560SL ce ƙirar 1987, mai cire rufi, injin V8 lita 5.6. Tankinta na cin lita 85. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da lita ke ƙasa da naira 200, ban kashe dubu ashirin in cika ta ba. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, cika tanki ɗaya ya koma sama da dubu tamanin. Kuma motar ba ta san tsimi ba, a cikin gari tana iya shanye lita goma sha biyar ko fiye a kilomita ɗari. Man ma da sauƙi. Kayan gyaranta duk da dala ko yuro ake sayowa, ita kuwa dala daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin wata tara. Yayana ya ce in sayar in sayi fili. Na ƙi. Amma da ya tambaye ni dalili, sai na rasa abin faɗa da zai gamsar da shi. To ku da kuke riƙe da irin waɗannan motoci, me kuke gaya wa mutane?

Akanta:
Wa alaikumus salam. Alhaji, yayanka ya fi ka gaskiya, ka yi haƙuri. A ce wani ƙarfe na yuro 500 ne. A farkon 2023 kuɗinsa kamar dubu ɗari biyu da hamsin ne, a 2024 ya haura dubu ɗari takwas, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastam ba. Ƙarfen bai canza ba, albashinka ma ban jin ya ninka uku. Fili ba ya shan mai, ba ya yoyon baƙin mai, ba ya neman taya.

Auta:
Amma Yallaɓai Akanta, ai tsofaffin motocin nan daraja suke ƙarawa. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 kan yuro miliyan 135. Wace sabuwar mota ce ta taɓa kai haka?

Akanta:
Auta, wannan motar guda biyu kacal aka ƙera a duniya, kuma a gidan tarihin kamfanin Mercedes da ke Stuttgart aka yi gwanjonta, ga mutanen da aka gayyata kaɗai. Irin ta Alhaji kuwa, wato jerin SL da ake kira R107, an yi ta daga 1971 har 1989, an ƙera sama da dubu ɗari biyu da talatin. Kada ka haɗa su. Labarin Ferrari 250 GTO da ta haura dala miliyan 48 a 2018 ma haka ne, motoci ne da ba su kai arba'in ba. Irin wannan labari shi ke ruɗar mutane su ɗauka duk tsohuwar motar da ke kwance a gareji zinare ce.

Kuma ko ta ƙara daraja a Jamus ko Amurka, wa zai saya a nan da wannan farashin? Mai saye na waje zai tambaye ka takardar tarihin gyaranta tun daga farko, da rasit, da shaidar cewa injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi daga kamfani. Mu nawa ne ke ajiye rasit ɗin bakanike?

Baba Bakanike:
Salamu alaikum. Ni jikana ne ke rubuta min, ina faɗa yana rubutawa, saboda haka a yi haƙuri da tsawo.

Alhaji, ka daina neman amsar da za ta gamsar da yayanka ta fuskar lissafi, babu ita. Akanta ya faɗi gaskiya. Amma ni zan gaya maka abin da na gani a shekarun da na yi ina kwance ƙarƙashin mota a Kaduna.

Motar da, mutum na iya saninta duka. In ta yi tari, ka san inda za ka duba: ko mai bai zuwa, ko wuta ba ta zuwa, ko iska ta yi yawa. Uku ne. Da kunne da hanci da sifana kake gano cutar. Ka zare fulogi ka duba kalarsa, in baƙi ne ƙirin mai ya yi yawa, in fari ne fat mai ya yi kaɗan kuma injin na zafi, in ruwan ƙasa ne lafiya lau. Motar yanzu kuwa, sai an jona mata kwamfuta ta faɗi lamba, a cire akwati a sa akwati. Yaran da ke gyaranta ba su san abin da ke cikin akwatin ba, kuma ba laifinsu ba ne, an rufe shi ne don kada a buɗe. Duk mai tsohuwar mota da na sani wanda ya daɗe da ita, to mutum ne mai son ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet. Waɗanda suka saya don a gan su, shekara ɗaya biyu suke yi su gaji, su bar ta a bayan gida kaji su yi ƙwai a ciki.

Mai Jar Marsandi:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wallahi ka taɓo wajen. Ni ma'aikacin ofis ne, daga Litinin zuwa Juma'a takarda nake turawa, ban taɓa ganin ƙarshen aikina da idona ba. Ranar Asabar in na canza roba ɗaya da ke shan iska, na tayar da mota na ji karkarwar ta tafi, wannan abu ne da na yi da hannuna, kuma ga sakamakon nan take.

Akanta:
To ka sayi tsohon janareta ka riƙa kwancewa, ya fi araha.

Auta:
Hahaha, Yallaɓai ba ka da dama.

Hajiyar Ingila:
Sallama gare ku. Bari in sa baki, don ni ma ina cikin masu ciwon, kuma ni ke tuƙa tawa, ba maigida ba. MGB ce, ƙaramar mota ƙirar Ingila, ta farkon shekarun 1970, mai bambar ƙarfe, kafin su koma bambar baƙar roba a 1974 saboda dokar Amurka.

Abin da nake so ku lura shi ne, a nan Ingila gwamnati da kanta tana sauƙaƙa wa mai tsohuwar mota. Duk motar da ta kai shekara 40 ana iya yi mata rajista a matsayin ta tarihi, ba ta biyan harajin hanya, kuma ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a sauya mata kama sosai ba. A Landan, tsohuwar mota mai hayaƙi tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta fito, kuma tun Agustan 2023 dokar ta game birnin duka, amma ta tarihi ba ta biya. Sai ka ga motar 2003 ana cajinta, ta 1972 ta wuce kyauta. A Jamus ma suna da lamba mai harafin H a ƙarshe ga motar da ta kai shekara 30 kuma tana nan yadda take.

Ga kuma kayan gyara. An ƙera MGB sama da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, shi ya sa kusan babu abin da ba a samu. Akwai kamfanin British Motor Heritage da ke buga sabon gangar jikin motar sukutum da ainihin injinan bugun ƙarfen da aka yi amfani da su tun farko. In na yi odar abu yau, jibi yana ƙofar gida.

Amma kada ku ɗauka mu ba ma kuka. Kuɗin aikin bakanike a nan shi ne bala'i, ana biya ne da awa, kuma waɗanda suka iya saita kafireta biyu ta SU su yi daidai da juna tsofaffi ne, suna ta ritaya. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe. Hayar gareji ma wani abu ne. Ku kuna da arhar hannu da tsadar kaya, mu muna da kaya ba hannu.

Baba Bakanike:
Hajiya, wannan maganar taki ta ƙarshe haka take. Kuma zan ƙara: mu a Arewa Allah ya ba mu busasshiyar iska. Motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Sakkwato ko Zinder, in ka leƙa ƙarƙashinta za ka ga ƙarfe lafiyayye. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal, iskar teku ta gama da ita. Mu abin da ke kashe mana mota rana ce da ƙura. Rana na fasa dashbod, ta busar da duk wata roba, ta ƙone fenti. Ƙurar hunturu kuma in ta samu hanya ta shiga injin, ringi take ci.

Alhaji, kai taka ka kula da wuri ɗaya. Irin wannan SL ɗin tana tsatsa a bangon da ke tsakanin injin da cikin mota, ƙarƙashin gilashin gaba, inda ruwan sama ke taruwa in ramukan fitarsa sun toshe. Ba a gani daga waje. In ka ga kafet na jiƙa da damina, to can ne.

Mai Jar Marsandi:
Na duba wajen bara, Baba, da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne sarƙar tayimin.

Baba Bakanike:
Ya kamata ya hana ka. Sarƙar kanta mai ƙarfi ce, taka ma mai layi biyu ce. Waɗanda aka kai Amurka na 380SL daga 1981 zuwa 1983 su ne masu layi ɗaya, su suka ɓata sunan gidan. Amma robobin da sarƙar ke bi a kansu, su ne matsala. Da sabunta farare ne, in sun tsufa sai su koma ruwan goro su yi ƙarau. Rana ɗaya da safe ka tayar, guntu ya karye ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori, sarƙa ta tsallake, bawul ya haɗu da fistan. Shi ke nan, injin ya tafi. Robobin ba su da tsada in ka gwada da injin. In ka ji ƙarar ƙarfe na ɗan lokaci da ka tayar da safe, kada ka ƙara tayarwa. A buɗe murfin sama a duba kalarsu.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da hira. Daga wannan gefen iyaka nake. Mu matsalar canji ba ta same mu kamar ku ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ne ba ya motsi. Abin da ya same mu hanya ce. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kayan da da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina, ga daɗewa ga tsada. Man Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin titi shi ma ya tashi tun da kuka cire tallafi.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Kuna ta maganar Marsandi da motar Ingila, kun manta da tamu. Peugeot 504 Coupé. Mutane da yawa ba su ma san akwai 504 mai ƙofa biyu ba. An fito da ita a bikin baje kolin motoci na Geneva a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma ya riƙa ƙera jikinta, aka ci gaba har 1983. Ita da 'yar uwarta mai cire rufi, duka ba su kai dubu arba'in ba, alhali 504 gaba ɗaya an yi fiye da miliyan uku. Akwai guda ɗaya a nan garin, a gidan wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya rasu, ta fi shekara goma ba ta motsa ba. Magada suna son rabuwa da ita. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Auta:
504 kuma? Irin ta tasha mai ɗaukar mutum tara? Yaya, wannan ai ba motar gudu ba ce.

Ɗan Maraɗi:
Ƙanena, nemi hotonta ka gani tukuna. Kuma maganar gudu, a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da 504 Coupé mai injin V6, a shekarar kuma ya ci ta Bandama a Kwaddibuwa da ita. Kafin nan a 1975 Ove Andersson ya ci Safari da 504 mai ƙofa huɗu, irin wadda kake rainawa. A kan jar ƙasa da laka da ramuka aka yi, ba a kan kwalta mai santsi ba.

Mai Jar Marsandi:
Tunda an zo gorin Bandama, a bar ni in yi nawa. A 1979 Mercedes 450SLC 5.0, wadda yayar tawa ce mai rufin ƙarfe, ita ta zo ta ɗaya har ta huɗu a wannan gasa, Hannu Mikkola a gaba. Kuma da giya mai canza kanta. A 1980 suka sake ci.

Baba Bakanike:
Ɗan Maraɗi, ka sa ni tuna ƙuruciya. Kamfanin Fijo na Kakuri ya fara haɗa mota a 1975, kuma an yi ta haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Saboda haka duk wani abin ƙasa na 504, a Panteka ko Ƙofar Ruwa za ka tono shi, kuma babu garin da ba mai iya gyaranta. Wannan ita ce sa'arka.

Ga rashin sa'arka. Jikin mai ƙofa biyu ba ya haɗa komai da na mai ƙofa huɗu. Ƙofa daban, bonet daban, gilashi daban, fitilu daban, ta ma fi gajarta. In gilashin gaba ya fashe, babu shi a Kaduna, babu shi a kasuwar Ladipo ta Legas, sai Faransa. Na biyu, mu waɗanda aka haɗa mana a nan masu kafireta ne. Mai ƙofa biyu mai silinda huɗu kuwa da famfon injekta na Kugelfischer take zuwa, wanda ƙarfe ne zalla ba lantarki, kamar agogo yake a ciki. In ya zauna shekara goma da tsohon mai, ya daskare. A rayuwata waɗanda na san sun iya buɗe shi su mayar ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Auta:
To ba sai a cire a sa kafireta ba? Ko ma a ɗaga injin duka a sa na Toyota. Na ga an yi wa wata tsohuwar Marsandi haka a Apo da ke Abuja, an sa mata V8 na Lexus, tana tashi kamar me, ga sanyin esi.

Hajiyar Ingila:
Auta, ka taɓo faɗan da ba ya ƙarewa. A nan har akwai masu cire injin su sa batir da lantarki, su ce sun ceto motar. Ni dai a wajena, in ka cire injin ka cire motar. Ƙarar MGB da warin mai da yadda giya ke shiga da ɗan ƙarfi, su nake biya wa kuɗi. In shiru da sanyi nake so, ina da motar zuwa aiki.

Akanta:
Yau kam na ji sabon abu. Ana biyan kuɗi don wari.

Baba Bakanike:
Ni ina tsakiya. Na sha mayar da injekta kafireta da hannuna, don mai mota talaka ne kuma yana son ya je aiki gobe. Motar da ke tafiya da injin aro ta fi wadda 'yan gwangwan suka sare. Amma sharaɗi ɗaya: duk abin da ka cire, ka wanke, ka shafa mai, ka sa a buhu ka ajiye. Kada ka yanka waya, kada ka huda ƙarfe. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne riwaya ya zo ya datse wayoyin kamfani ya yi nasa haɗin da salatif, bayan shekara biyu ba wanda ya san ina wace waya ta nufa, har shi kansa.

Kai kuma Alhaji, taka kada ka bari kowa ya ce zai mayar da ita kafireta. Tsarin Bosch ne da ake kira KE-Jetronic. Iska na tura wani faifai, faifan na motsa wani ɗan sanda a cikin mai raba mai, shi kuma ya aika wa kowace nozul rabonta. Ba ya son abu biyu: datti da zama. Kuma ba a saita shi da kunne, sai da agogon auna ƙarfin mai. Duk wanda ya zo da sukundireba kaɗai ya ce zai saita maka, ka ba shi kuɗin mota ya koma.

Mai Jar Marsandi:
Maganar datti, tun gurɓataccen man nan mai yawan methanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 nake tsoron gidan man da ban sani ba. Gida ɗaya nake sha, kuma ina canza filta kafin lokacinta.

Hajiyar Ingila:
Mu ma muna da irin wannan, amma da izinin hukuma. Tun Satumban 2021 man da aka fi sayarwa a nan E10 ne, wanda sinadarin ethanol da ke cikinsa kan kai har kashi goma cikin ɗari. Yana cin tsofaffin tiyo na roba, yana kuma jan ruwa in mota ta zauna, tanki ya yi tsatsa daga ciki. Dole muke sayen mai tsadar, E5, wanda ethanol ɗinsa bai kai haka ba.

Almajirin Malam:
Assalamu alaikum. Ina bin hirar tun farko, ina so in ce wani abu kan kalmar ɓarna da ake ta jefawa, don yayan Alhaji ina jin nan ya dosa. Abin hawa halal ne, kuma son abu mai kyau ba laifi ba ne. Mutanenmu sun daɗe da sanin wannan a kan doki. Mai dokin hawan Sallah yana ciyar da shi dawa da harawa da kanwa shekara guda, yana biyan mai kula da shi, don hawan 'yan kwanaki, kuma ba a ce masa mahaukaci. Inda matsala take shi ne in haƙƙin wani ya shiga ciki: kuɗin makarantar yara, cefanen gida, bashin da ake binka, ɗan uwa da ke kwance asibiti kana da hali. In waɗannan sun tsaya saboda ƙarfe, to an shiga wani abu. Kowa ya san aljihunsa.

Sai zakka, tunda Auta ya kawo maganar daraja. Motar da ka saya don hawa babu zakka a kanta, kamar yadda ya zo a hadisi cewa babu sadaka a kan dokin Musulmi. Amma in ka saye ta da niyyar jiran ta yi tsada ka sayar, ta zama kayan kasuwanci. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai ajiye kaya yana jiran kasuwa yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne idan ya sayar, kashi biyu da rabi cikin ɗari. Saboda haka mai cewa jari ce ya san abin da ya ɗauko wa kansa.

Akanta:
Madalla, Malam. To ni a nan zan tsaya: duk wanda ya ce min sha'awa ce, kamar doki, na sallama masa, kuɗinsa ne. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai yaudarar kansa da matarsa cewa jari ne. Ko Porsche 911 masu sanyaya injin da iska, waɗanda aka daina yi a 1998 kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a shekarun 2010, in ka cire kuɗin gyara da inshora da ajiya na shekara goma, ribar da yawa daga masu su ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Waɗanda suka ci riba sosai su ne suka saya tun ba wanda ke so.

Mai Jar Marsandi:
Na yarda, kuma ni ban taɓa cewa jari ba ce. Akwai ma abin da ban faɗa ba. Duk inda na tsaya da motar nan sai wani dattijo ya matso. Wani ya ce ubangidansa na da irinta a 1982, wani ya ce shi ya taɓa tuƙa wani kwamishina a cikin irinta. A gidan mai sai hira ta ɓarke, yara na ɗaukar hoto. Da motar ofis ba wanda ya taɓa yi min magana sai masu duba takardu.

Amma akwai ɗaya gefen. Jar mota ba rufi tana jan ido, kuma a yanayin tsaron da muke ciki ba kowace hanya nake hawa da ita ba. Cikin gari ne, da safe, ranar hutu. Ga tudun rage gudu da ake zubawa a unguwanni ba ƙa'ida, sai na bi su a karkace, in ba haka ba salansa ta tafi.

Ɗan Maraɗi:
Wannan jan idon ni ma ina tunaninsa, amma 504 ba ta da wannan matsalar sosai, mutane za su ɗauka tsohuwar Fijo ce kawai aka yi wa kwaskwarima. Baba, in na je ganin motar ranar Lahadi, me zan fara dubawa? Magadan sun ce in zo da batir mu gwada tayarwa.

Baba Bakanike:
Kada ka kuskura ka je da batir. Motar da ta yi shekara goma a tsaye ba a tayar da ita haka nan, silinda a bushe suke, ringi na iya karyewa a juyin farko, kuma tsohon man da ya zama kamar danƙo zai shige famfon injekta ya ƙarasa shi. Ka je da tocila da tabarma da ƙaramin maganaɗisu.

Fara da gilasai da fitilu da ƙarafan ado, ka tabbata duk suna nan kuma ba fashi, don su ne ba za ka samu ba. Ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da maganaɗisun, inda ya ƙi kamawa an cika da foti. Ɗaga kafet, ɗaga tayar safiya a but, ka duba ƙasa. Ka shimfiɗa tabarma ka leƙa inda ƙafafun baya suka kama jiki. Ɓera ma ka duba aikinsa, a bayan dashbod da cikin kujeru.

Sannan injin. Ƙirga fulogi, in huɗu ne ko shida, ka gaya min, don V6 ɗin da aka fara sawa a 1974 wani labari ne daban, kayansa ba irin na Kakuri ba ne. Zare sandar baƙin mai, in ka ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Cire fulogai, ɗiga ɗan mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana, washegari a sa sifana a kan fulin gaba a juya da hannu. In ya juya, sai mu yi maganar kuɗi.

Kuma tun kafin ka ba da ko sisi, a nuna maka takardun motar, lambar da ke jiki ta dace da ta takarda, magada duka su sa hannu a gaban shaidu. Ka ɗauko min hoton farantin lambar da ke cikin gidan injin da na famfon, ka turo nan, jikana zai nuna min.

Ɗan Maraɗi:
To Baba, an gama. Batir ya zauna a gida. Foti kuma in na samu da yawa a ƙasan ƙofa fa?

Baba Bakanike:
Ƙasan ƙofa mai bugun ƙarfe na Panteka zai ƙera maka da falle, wannan ba komai. In dai wajen ƙafafun baya ne ya ruɓe, ka yi musu godiya ka taho.